Sakin da Aka Yi wa Twila a Jarida

Rhonda Pruitt ce ta yi! Ita ta ɗaga hannun damanta a gaban alƙali ta rantse a kan ƙarya, ita ta raba uwa da 'yarta, kuma duk mai cewa sharrin shaiɗan ne ya rufe wa mutane baki, don shaiɗan bai san hanyar kotun nan ba sai da Rhonda ta nuna masa!

Ranar da abin ya fito fili, Twila baiwar Allah tana tsaye a ƙofar gidanta, ruwan sama na dukanta, makullinta ya ƙi juyawa. Shekara biyu ke nan tana can kan tudu a ƙauyen su mijinta Wendell, tana jinyar surukarta Mama Verna da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ita ce wanka, ita ce kwasar kashi, ita ce ba da abinci a baki. Wendell direban babbar mota ne, shi ya roƙe ta ta je, ya ce a bar 'yarsu June a gari saboda makaranta, Rhonda za ta riƙa duba ta. Rhonda kuwa 'yar gwaggon Twila ce, a gidansu Twila ta tashi tana marainiya, kuma tun suna yara Rhonda ba ta taɓa ganin abu a hannun Twila ta samu barci ba. In an yaba muryar Twila a coci, Rhonda ta wuni da ciwon kai. Ranar auren Twila ma kuka ta yi har da shessheƙa, mutane suna ta cewa kai, ga zumunci!... Da fari ana kawo wa Twila June duk ƙarshen mako, sai aka koma wata-wata, sai aka koma waya, wayar ma kullum “ta yi barci,” “tana wanka.” Tsohuwa ba ta iya zama ita kaɗai, sai da wata maƙwabciya ta tausaya ta karɓe ta na yini guda, Twila ta kamo hanya.

Aka buɗe ƙofa daga ciki. Rhonda ce, sanye da rigar sanyin Twila, ga zobe a yatsa sai ƙyalli yake.

“A'a, ƙanwata! Ke ce haka kamar jiƙaƙƙiyar kaza?”

“Yaya Rhonda, wa ya canza makulli? Ina June?”

“Maigidana ya canza. Au, ba ki ji ba? Ai kotu ta raba ku tun bara, ta ba shi gida ta ba shi yarinya. Mu kuma muka yi abin da ya dace.”

“Wace kotu? Ni da ban taɓa taka kotu ba tunda aka haife ni!”

“Je ki nemo ta mana, mai muryar zinariya. Ki rera musu waƙa ko sa nuna miki.”

Sai ga June ta leƙo ta bayan Rhonda, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. Twila ta miƙa hannu biyu, yarinya ta ja da baya ta ce, “Anti ta ce kin gudu da wani mutum, ba kya sona...” Aka turo ƙofa garam! Wayyo Allah! Twila ta durƙushe a kan matakala tana kiran sunan 'yarta har muryarta ta dushe. “Ya Ubangiji, Kai ne uban marayu, Ka ga abin da aka yi mini, kada Ka bar ni!”

Daga nan kotun gundumarsu ta nufa, rigarta na ɗiga. Ma'aikaciyar da ke bayan tebur ta buga sunan a kwamfuta, ta juya shi, ta sake bugawa, ta girgiza kai. “Babu, 'yar'uwa. A nan dai ba a sake ki ba. Kowace gunduma da nata ɗakin ajiya, inda aka shigar da ƙara can takarda take kwana, kuma sai kin riƙe ta a hannu za ki iya ja da ita.” Gunduma tamanin da takwas ce a jiharsu ta Ohio a Amurka! Wendell ya daina ɗaukar waya. Duk ranar da maƙwabciyar nan ta samu sarari, Twila za ta shiga tsohuwar motarta da guntun burodin masara a jaka, ta bi kotu-kotu. Wani wuri a ce ta sauka ƙasa wajen tsofaffin fayil, wani wuri a ce mai duba sunaye ta tafi cin abinci, ta dawo da yamma hannu wofi ta tarar da zanin gado yana jiran wanki. Rannan tana ba tsohuwa miya hawaye ya ɗiga cikin cokali. Mama Verna ta damƙe mata hannu da hannunta mai rai, ta yi ta kokawa da harshenta har ta fito da shi: “Garejin... motoci... yana da... ɗaki can.”

Can ɗin ne kuwa! Wata ƙaramar gunduma inda kamfanin su Wendell yake ajiye motoci. Aka ɗauko fayil, aka buga mata hatimi a kan kwafinta, ta tsaya a jikin bango tana karantawa. Wendell ya rantse bai san inda matarsa take ba! Ita dokar, in miji ya yi wannan rantsuwa sai a ce ya buga sanarwa a jaridar gundumar, in matar ba ta zo ba a yanke hukunci babu ita. Ya buga, jama'a, a ƙasan tallan busasshiyar ciyawa da tsofaffin motocin noma, a jaridar garin da Twila ba ta san kowa ba. Mai shaida kuma, wadda ta ce da idonta ta ga Twila ta shiga motar wani ƙato da akwatinta, Rhonda Pruitt!

Wata lauya mai tsaya wa marasa ƙarfi kyauta ta karɓi maganar. Ranar zama aka turo Mama Verna a keken guragu. Alƙali ya dubi Wendell ya ce, “Malam, ka rantse ka neme ta ka rasa. Ka duba gidan mahaifiyarka?” Gogan sai zufa. Tsohuwa ta ɗaga yatsa ta nuna ɗan da ta haifa, baki a karkace, hawaye na bin kuncinta. “Ranar... Kirsimeti... a teburina... girkinta ya ci. Ƙarya... yake!”

Nan take alƙali ya soke sakin, ya ce a miƙa yarinya ga uwarta kafin a sake zama. Rhonda ta yi zumbur ta miƙe. “To ni fa? Aurena fa?”

“Mai mata ba ya ƙara aure a jihar nan, Malama. Ba ki da aure.”

“Komai ita! Tun muna yara komai ita! Murya ita, miji ita, 'ya ita! Ni me na yi wa Allah?” Sai da masu gadi suka fitar da ita tana ihu, takalmi ɗaya a ƙafa.

A bakin kotu Wendell ya tare Twila yana murza hula. “Twila, tunda har yanzu ke matata ce, mu koma gida mana...”

“Matarka ce ni, shi ya sa zan rabu da kai yadda ake rabuwa. Da rana tsaka, kana tsaye ina tsaye.” Ita da kanta ta shigar da takardar raba aure a kotun gundumarsu, irin wadda sai miji da mata sun sa hannu sun kuma bayyana tare. Ya sa hannu, ya bar mata gida da June, don maganar rantsuwar ƙarya tana wuyansa, kuma har yau yana zaryar kotu a kanta. Twila ta ɗauko Mama Verna ta dawo da ita gari, su uku suke zaune, Allah Ya share mata hawaye.

Amma Rhonda fa? Ta kwashe kayanta ta tsallaka jihar Kentucky, babu miji, babu mai gaishe ta, wai a ce wannan ya ishe ta. Bai isa ba! June har yau in uwarta ta ɗauki jaka za ta kanti, sai ta riƙe mata riga ta ce, “Mama, za ki dawo?” Wendell ya tsaya gaban alƙali, ita da me ta fi shi? Bakin da ya yi rantsuwar nan yana nan da ransa. A aika a kamo ta, a tsayar da ita inda ta ɗaga hannu, ta dubi yarinyar nan ido cikin ido ta faɗa mata wa ya yi ƙarya!