Hawayen Usta Sabri

Ranar da Shuruk ta fara ɗora ido a kan Ziyad, da gardama suka buɗe. A wani ɗaki ne a saman bene a tsakiyar Iskandariyya, inda masu son irin finafinan da gidajen sinima ba sa nunawa suke taruwa duk Alhamis da yamma. An gama kallon wani fim na ƙasar Romaniya, aka kunna fitila, aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa.

"Ni dai wuyana ne ya ƙage," in ji Shuruk. "Tsoho na gyaran rufin ɗakinsa tun farko har ƙarshe. Ina ta karanta fassarar ƙasan allo, ina jiran wani abu ya faru, har aka tashi."

Wani siririn saurayi mai gilashi ya waiwayo daga gaba. "Ai abu ya faru, 'yar'uwa. Ke ce kike jiran mota ta kama da wuta."

"A'a. Ni a ba ni fim na gaskiya, wanda babu 'yan wasa, mutane su yi maganar bakinsu."

Sai ya yi murmushi, ya ce irinsa yake yi. Hoton biki yake ɗauka don ya ci abinci, abin da ya rage ya zuba a fim ɗinsa na farko. Da ya ji a kemis take aiki, ya raɗa mata suna Duktura, wato likita. Tun suna musu a matakala har suka koma yi a bakin teku da gasasshiyar masara a hannu.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Duktura, na kamu da ciwon da babu maganinsa a kantarki. Ki tambayar mini Baba ranar da zan zo gaisuwa."

Ya zo da kwalin kayan zaƙin nan basbusa, sanye da rigarsa mafi kyau. Mahaifinta, Usta Sabri, mai sassaƙa jiragen kamun kifi ne a unguwar Bahari, har zuwa lokacin da mai filin ya sayar, katafila ta share wurin aka dasa bene. Yana fitowa falo ya tsaya cak, ya ƙura wa baƙon ido.

"Kai ne mai kyamara."

Ziyad ya miƙe, fuskarsa ta canza, ya kira shi Ammu, wato Baffa. "Ammu, wallahi ban san kai ne mahaifinta ba."

"Ranar da aka rushe ni, na zauna a kan katako ina kuka kamar mace mai takaba. Kowa ya kau da kai saboda kunyata. Kai kaɗai ka matso. Ɗauki kayan zaƙinka ka fita."

Shuruk tana bayan labule da tiren shayi, komai a kunnenta.

Daga ranar gidan ya yi mata ƙunci. Baba ya hana ta zuwa kallon Alhamis. Gwaggonta ta fara sintiri da hoton ɗanta Mamduh, wanda yake aiki a Kuwait, ga gida ga mota. Shuruk ta daina cin abinci sai an matsa mata. A kemis sau biyu tana miƙa wa mutum maganin da ba shi ya nema ba, sai da abokiyar aikinta ta riƙe mata hannu.

Ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, don Allah ka saurare shi ko sau ɗaya."

"Ɗiyata, wanda ya ga namiji yana kuka bai sauke kyamara ba, ranar da kika yi naki kukan ɗauka zai yi."

Ana haka wata ƙawarta ta turo mata labari: an karɓi fim ɗin Ziyad a wani bikin finafinai a Turai, kuma hoton da suka sa a talla fuskar Baba ce, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta shige bayan kantar kemis ɗin, ta rubuta masa:

"Ashe da hawayen ubana za ka sayi tafin Turawa. Ka ce kana sona, ka bar su suna liƙa fuskarsa a bango. Gwaggo za ta kawo Mamduh ranar Juma'a. Na gaji, Ziyad. Ban san yadda zan yi ba."

Har ta tashi aiki babu amsa. Washegari ma shiru. Ta kira, waya a kashe. Ta yi kuka a cikin motar haya har wata tsohuwa ta dafa ta tana cewa, "Waye ya rasu, 'yata?"

Ranar Alhamis ta karya dokar Baba, ta hau benen nan na kallon fim. Ta tarar ana cacar baki. Wani yana cewa Ziyad ya cuci kansa, wurin kukan nan shi ne ran fim ɗin. Wata tana cewa ai dama Turawa ba sa son fim ɗinmu sai da kuka da kango a ciki. Shi kuwa yana zaune a lungu, idanu jajir, gemu ya tohu.

"Na cire wurin, habibti," ya ce da ita a hankali. "Na rufe waya na zauna a kansa har na gama. Na aika wa masu bikin, suka ce in babu shi ba sa so. Na ce su bar shi."

"Wahalarka ta shekaru fa?"

"Wahalar tawa ce. Hawayen ba nawa ba ne, kuma ban roƙi izini ba."

Ta koma gida ta faɗa wa mahaifiyarta, Sitt Nawal, komai. Uwar ta kira gwaggo ta ce Juma'ar nan ba za ta yiwu ba. Sannan ta sa tsofaffin abokan aikin mijinta suka ja shi gidan shayin unguwa bayan la'asar, inda Ziyad ya rataya farin zane a bango don nuna fim ɗin.

Shuruk ta tsaya daga nesa tana addu'a. Jirage suka bayyana rabi a ƙere, ga Usta Sabri yana lanƙwasa katako a kan wuta, yana yi wa abokansa tsiya. Tsofaffi suka dinga ihu suna nuna kansu. Da aka zo ranar katafila, sai teku kawai aka nuna.

Aka gama. Usta Sabri ya gyara zama. Can ya yafito Ziyad.

"Ka nuna jirgina ta gefen da ban gama fenti ba."

"Ka yafe ni, Ammu."

"An ce ka rasa tafiya Turai."

"Na rasa."

"To, mai hoton biki zan ba 'yata ke nan." Ya kurɓi shayinsa. "Ka zo da manyanka mu karanta Fatiha."

An ɗaura aure a masallacin unguwa bayan ƙaramar Sallah. Sitt Nawal ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dishe, aka raba jan lemon sharbat ga duk wanda ya wuce. Usta Sabri ya kama hannun 'yarsa ya sa a na angonta.

"Ga amanata. Allah Ya sa albarka a tsakaninku, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Jama'a suka amsa da amin, Shuruk ta sunkuyar da kai, ta ƙara damƙe hannun mijinta.