Dangin Ƙarƙashin Gada

Da sassafe Blandine ta fara ganinsa, a ƙarƙashin gadar Binuwai, kogi na tafiya shiru kamar bai gama farkawa ba. Matasan ikilisiyar Pitowa ne suka zo Garwa aikin mako guda, don hidima ga waɗanda ba su da wurin kwana. Ita dai ta biyo ayari ne kada a ce 'yar katikis, malamin majami'a, ta noƙe. Tun rasuwar mahaifiyarta, addu'arta ba ta wuce leɓe.

Aka miƙa mata buta, aka ce ta riƙa zuba wa mai aski ruwa. Sylvain ke nan, durƙushe gaban wani tsoho, Baba Ilyasu, yana gyara masa gemu a tsanake.

"Mai buta," ya ce bai ko ɗago ba, "kan Baba za ki jiƙa, ba ƙafata ba."

Kunya kamar ta nutse. Amma idonta ya ƙi barinsa. Duk wanda ya aske sai ya riƙe masa madubi, ya jira har mutumin ya gama kallon kansa.

"Me ya sa kake haka?" ta tambaya.

"Wanda ya daɗe a titi, ba mai duban fuskarsa. Shekara biyu na kwana a nan, na sani."

Ran nan Blandine ta koma bayan motar ikilisiya ta yi kuka, ta yi wa Yesu magana kamar yana zaune kusa da ita. Ta daɗe ba ta ji sanyi irin wannan a ranta ba.

Mako ya ƙare, soyayya ta koma waya.

"Mai buta, yau Baba Ilyasu ya tambaye ki. Ni ban tambaya ba, aski ne dai ya ƙi yin daidai."

"Mon cher, masoyina, kada ka yanke kunnen bawan Allah saboda ni. Ni ma kogin nan nake gani ko na rufe ido."

Da zancen ya kai ga mahaifinta, katikis Louis, sai ya girgiza kai.

"'Yata, ba talaucinsa na ƙi ba. A wurinmu saurayi ba ya neman aure da bakinsa. Ina ubansa? Ina kawunsa? Ga Gaston mai awon auduga, danginsa sun zo har sau biyu."

Sylvain kuwa maraya ne, ba shi da kowa. Ta rubuta masa duk yadda aka yi, sai wayarsa ta yi tsit kwana shida. Ta ɗauka ya janye, zuciyarta ta karye, amma wannan karon ba ta daina addu'a ba.

Ran Asabar taksi ta tsaya a ƙofar gidansu. Tsofaffi huɗu suka fito, kai fes da sabon aski, riguna wankakku duk da faci. Baba Ilyasu na gaba da ƙullin goro, Sylvain can baya, kai a ƙasa.

"Malam Louis," in ji tsohon, "ni Musulmi ne, gada ce gidana. Amma da yaron nan ya zo mana da zazzaɓi, ni na raba bargona biyu. In uba ake nema, ga ni."

Katikis ya dubi tsohon. Shekara talatin yana wa'azin karɓar baƙo, yau ga shi a tsakar gidansa. Sai ya tashi daga kujerarsa, ya ja ta gaban tsohon.

"Zauna, Baba. Mu yi magana irin ta iyaye."

Bayan tsinkar auduga aka ɗaura aure. Tsofaffin nan huɗu suka zauna a bencin dangin ango. Da Fasto ya ce uban ango ya sa albarka, Baba Ilyasu ya miƙe.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Allah ya sa kada ruwan sama ya taɓa dukan 'ya'yanku suna barci."

Majami'a ta amsa da amin, Blandine ta damƙe hannun mijinta tana hawaye.