Ranar Da Na Buɗe Kwamfutar Mama

"Ba mai taɓa ta! Na faɗa, na kuma faɗa!"

Baba ya dire kofinsa a kan tebur har gahawa ta fallatsa wa burodin kirfar da na gasa musamman don in sanyaya masa rai. Asarar kirfata kawai na yi.

"Baba, ka tsaya ka ji mana..."

"Na ji! Wannan saurayin naki mai gashi kamar tsintsiya yana son ya farke cikin kwamfutar mahaifiyarki. Me ya rage ban ji ba?"

Sampsa yana zaune kusa da ni, ya ƙura wa cokalinsa ido. Wata biyu ya rage a ɗaura mana aure. Sana'arsa gyaran tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda mutane suka zubar tun muna cikin zanen goyo, kuma a kansu yake haɗa kiɗansa. Kiɗa ne mai sanyi, ba ganga ba waƙa, yana tafiya a hankali har mutum ya manta an kunna shi. Kiɗan ne ya haɗa mu. Na ji shi a wani ɗan shago a garin Oulu, na tsaya ina hawaye a gaban jama'a ba kunya, don irin kiɗan Mama ne sak.

Mama ta rasu ina da shekara tara. Ranar da aka dawo daga maƙabarta Baba ya lulluɓe kwamfutarta da farin ƙyalle ya kulle ɗakin. Shekara sha takwas ke nan. Duk Asabar yana shiga ya goge ƙura, ya ba furen taga ruwa, ya fito. Ko sau ɗaya bai taɓa kunna ta ba, ni ma bai bar ni ba.

Sampsa ya yi gyaran murya, ya kira Baba da sunansa. "Reijo, ba raini ba ne. Irin waɗannan injinan akwai ɗan batir a cikinsu, bai kai babban yatsa ba. In ya tsufa sai ya fara yoyo, ruwansa ya dinga cin wayoyin ciki. Ajiyar ce take kashe su. In ba a cire shi ba..."

"Ajiya ce take kashewa! Ku ji mini ɗan bana-bakwai! Shekara sha takwas ko ƙura ban bari ta kwana a kanta ba, yau kai ne za ka ce ni nake kashe ta?"

"Ban ce haka ba..."

"Tashi ka fitar mini daga gida! Ke kuma Vilja, ki buɗe kunnenki. In aka kwance ƙusa ɗaya a jikin injin nan, ko shi ko ke, ki nemi wanda zai riƙe hannunki zuwa gaban coci. Ba dai ni ba!"

A bakin ƙofa na cim ma Sampsa yana ɗaura igiyar takalmi.

"Zuciyata, bar shi," ya ce a hankali. "Ba zan raba ki da mahaifinki saboda inji ba. Zan nemo miki wata irinta."

"Wata irinta akwai sawun yatsun Mama a jikinta? Akwai kiɗanta na ƙarshe a ciki?"

Ya gama ɗaurin ya miƙe, na tare gabansa.

"Faɗa mini gaskiya, masoyina. Za ta kai baɗi?"

"Vilja... ban ma sani ba ko ta kai yau."

Ni 'yar Baba ce, kowa ya sani. Shi ya koyi kitso a tsufansa saboda ni, shi yake tashi kafin gari ya waye ya share mini ƙanƙarar hanya in tafi makaranta. Ban taɓa yi masa musu ba. Amma taurin kan nan da yake taƙama da shi, ai ba a kasuwa na sayo nawa ba.

"Ya kore ka daga gida," na ce. "To zagaya lambu, ka tsaya a bakin tagar ɗakin Mama. Ka zo da sukudirebarka."

"Ke! Kin ji abin da ya ce kuwa?"

"Na ji sarai. Zagaya!"

Makullin yana cikin tsohon gwangwanin sukari a saman kabad, tun ina 'yar shekara goma na san da zamansa. A gaban idon Baba na taka kujera na ɗauko shi. Ban ɓoye ba, ban kuma yi sauri ba.

Ina buɗe ɗakin ƙamshin ya buge ni, ƙamshin takarda da ulu da tsohuwar roba. Na yaye ƙyallen. Ga ta nan, farinta ya koma ruwan ƙwai, maɓallai uku sun goge saboda yawan dannawa, lasifika biyu a dama da hagu.

A ƙarƙashin teburin nan nake kwanciya in na dawo daga makaranta, kaina a kan ƙafafun Mama cikin safar ulu. Ba wayar da take kuka, ba saƙon da yake faɗowa. Kwamfutar ba ta san kowa a duniya ba sai Mama. In ta sa ta aiki sai ta yi ɗan ƙas-ƙas tana tunani, Mama ta je ta ɗora ruwan zafi ta dawo, ba mai gaggawar kowa. Kiɗan kuma ya cika ɗakin har barcin rana ya ɗauke ni.

Na buɗe taga. Sampsa yana tsaye cikin shuke-shuken Baba, sauron bazara ya riga ya yi masa caa. Ya miƙo mini sukudireba da filaya.

"Kifa ta a hankali. Ƙusoshin suna ƙasa."

"Vilja." Muryar Baba ce daga bakin ƙofa. "Ajiye wannan abin."

"Ba zan ajiye ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai nake faɗa wa, Baba! Uwata ce!"

"Matata ce!"

"To ka binne ta sau ɗaya a maƙabarta, ka zo ka sake binne ta a ɗakin nan!" Hawaye ya ɓalle mini, amma ban saki sukudirebar ba. "Na manta muryarta, Baba! Ka san da haka? Na manta! Kiɗan nan kaɗai ya rage mini, shi ma ya fara dushewa a kaina. In don shi za ka ƙi riƙe hannuna, to zan shiga cocin ni kaɗai. Ina kuka zan shiga, amma zan shiga!"

Na kwance ƙusa ta farko. Na ji numfashinsa a bayana, ban juya ba. Ta biyu, ta uku... ta ƙarshen ta ƙi, sai da na danna da dukan ƙarfina har tafin hannuna ya yi ja. Na ɗaga murfin.

"Wayyo..." Sampsa ya ce daga taga.

Ga batirin nan, ɗan mitsitsi. Wani koren abu kamar gansakuka ya fito daga jikinsa ya malale ta gefe ɗaya, ya cinye siraran wayoyin da ke kusa da shi.

Baba ya tako a hankali ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi ƙyallen da ke ƙasa, fari tas, ya sake duban koren abin.

"Duk Asabar..." ya ce, muryarsa ta shige ciki. "Duk Asabar ina nan ina goge bayanta..."

Tausayinsa ya kama ni har na kusa sakin komai in rungume shi. Na daure. Na sa filaya na datse ƙafafun batirin kamar yadda Sampsa yake nuna mini da yatsa.

"Yanzu sai ruwan khal, mai tsamin nan na girki, da tsohon buroshin haƙori," in ji Sampsa.

Kafin in miƙe Baba ya fita. Na ce shi ke nan, ya tafi. Sai ga shi ya dawo da kwalbar da buroshi, ya dangwarar a gabana.

Na wanke, muka jira ta bushe. Sai da ta ɗauki fiye da awa biyu. Sampsa yana waje yana ta marin wuyansa.

Da na danna maɓallin kunnawa sai da na rufe ido. Shiru... sai ƙas-ƙas! Allon ya kawo haske. Sunayen kiɗe-kiɗenta suka jeru, na ƙarshen ta sa masa suna Asabar. Na danna shi.

Sautin ya fito siriri daga lasifikar dama, mai sanyi, yana hawa yana sauka. Shi ne! Amma ta hagu ko tari ba ta yi ba.

"Ruwan batirin ya ci hanyar hagu," Sampsa ya ce da sanyin jiki. "Rabin kiɗan can yake bi."

Na durƙushe. Na tuna akwai wani ƙugi mai zurfi da yake kwance a ƙarƙashin kiɗan, shi ne ma yake sa ni barci. Babu shi. Na yi faɗa da mahaifina, na yi cacar ranar aurena, rabi na samu!

Sai na ji an ja kujera. Baba ya zauna a gefen hagu, dab da lasifikar da ta mutu. Ya rufe bakinsa, ya fara ƙugi daga maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, sauti ɗaya mai tsawo. Ya dace da kiɗan cif.

Na ɗago na zuba masa ido. "Baba... ya aka yi ka..."

"Ai ni ne," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Ina wanke-wanke uwarki Marjut ta lallaɓo da makirufo ta bayana, ta naɗi ƙugina ta sa a kiɗan. Ta ce duk garin nan ba firjin da ya kai ni ƙugi." Ya yi dariya, dariyar ta karye. "A makon da ta kwanta take haɗa wannan. Na kasa, Vilja. Na kasa jin kaina ina raka ta, ita ba ta nan."

Na faɗa jikinsa. "Babana..."

"Mai taurin kai. Uwarki sak." Ya share fuska da bayan hannu, ya juya taga ya haɗe rai. "Kai kuma mai gashi, sai sauro ya shanye ka za ka shigo? Zagayo! Ka cire takalmi, kuma ka tattake mini shuka, na gani!"

Sampsa ya shigo da fuska duk kumburi, ya ce in an ba shi mako uku wataƙila ya iya gyara gefen hagun. Na ce kar ya kuskura ya taɓa.

Ranar aurenmu Baba da kansa ya rungumo kwamfutar ya shiga da ita coci, bai yarda kowa ya kama masa ba. Lasifika ɗaya muka jona. Da kiɗan Mama ya tashi daga dama, sai Baba ya tsaya a haguna ya riƙe hannuna gam, ya fara ƙuginsa. Haka muka taka har gaban Sampsa, mu uku.