Ƙaramin Akwati a Lefen Munira

"Ka janye, Mikail."

Ko ɗago kai Munira ba ta yi ba. Tana zaune a zauren gidansu a unguwar Ajilari da la'asar, tana juya itacen turaren wuta a faranti.

"In janye me, hasken idona?"

"Maganar auren. Duka."

Mikail mai wankin hula ne, irin mutanen nan da sai sun gama kallon hula tsaf kafin su taɓa ruwa. Haka ya tsaya yana kallonta.

"Wa ya zo gidan nan?"

"Jannatu."

To, Jannatu 'yar kawunsa ce. Shekara uku tana kai masa kunun gyaɗa shago, shi kuwa yana miƙa wa maƙwabta. Kowa ya sani, ita kaɗai ce ba a gaya wa ba.

"Ta ce Ya Bintu ta rantse gidanku ba a riƙon agola. Wai in kai Humaira Konduga wajen kakarta, in shigo ni kaɗai... kuma wai ka amince."

"Ni na ce miki na amince?"

"Yayarka ce ta raine ka. Ban taɓa jin ka musa mata ba."

Wannan kam gaskiya ce.

"Ran Asabar za a kawo lefe, masoyiya. Ki bari a kawo. In kin gani bai yi miki ba, ki mayar."

"Atamfa ba za ta canza komai ba."

"Ki dai bari a kawo."

Ku da ba ku san Munira ba, ku ji. 'Yarta Humaira na goye mijinta Nasidi ya sake ta, ya tattara ya koma Kano, ko waya. Wata shida tana ƙona tuwo tana kuka a bayan gida, ta rame har ɗankunne ya yi mata nauyi. Rannan yarinyar ta sa hannu ta share mata hawaye, to daga ranar ta yi wa kanta doka: abu ɗaya a lokaci ɗaya. In shara take, shara kawai. Ta yayyafa ruwa a tsakar gida, ta zuba garwashi a kasko, ta zauna ta yi wa 'yarta kitso ba gaggawa, tana jin kowane gashi a yatsunta. A haka ta warke, ba boka ba malam. Shekara biyar ke nan. Wanda zai ce ta ajiye yarinyar nan, ai bai san da me aka ɗinke ta ba.

Asabar ta zo. Ya Bintu ta iso da mata cike da Keke Napep uku, an sha lafaya, ƙamshin humra har bakin titi. Jannatu na biye, baki har kunne. Akwati huɗu Ya Bintu ta shirya da hannunta. Na biyar, ɗan ƙarami, Mikail ne ya cusa shi ana shirin tashi, ya ce ragowar kaya ne.

Amarya ba ta zama wajen buɗe lefe. Munira na ɗaki tana yi wa Humaira kitso, kunnenta na tsakar gida. Ta riga ta gama shawara: da magariba kayan za su koma.

Gwaggonta Saude ce mai karɓa. Kun san yadda ake yi, kowane kaya sai an ɗaga an nuna wa jama'a. Aka ɗaga leshi, aka ɗaga atamfa, aka yi guɗa. Ya Bintu ta jawo ƙaramin akwatin tana cewa, "Mu dai ba ma abin kunya," ta zuge, ta ɗaga abin da hannunta ya fara kamawa.

Rigar makaranta ce, 'yar mitsitsiya, da tambarin firamaren da ke bayan gidan Mikail.

Ƙarƙashinta ɗan hijabi, da takalmi, da jaka an rubuta Humaira Nasidi.



Gwaggo Saude, wadda ba ta barin ta kwana, ta gyara zama.

"Ya Bintu, wannan na amarya ne? Anya zai shige ta?"

"Kuskure ne," Jannatu ta yi caraf. "Kayan wasu ne aka haɗo..."

A ɗaki, tsinken kitso ya tsaya a hannun Munira.

Ya Bintu ta dubi rigar, ta dubi matan Ajilari sama da talatin da suka zuba mata ido, kowacce da bakin da zai kai labari har Konduga kafin isha. Ta ce ƙaninta ya yi abu a bayan idonta? A gaban surukai?

"Kuskuren me? Mu muka saka. Mu haka muke lefe, uwa da 'ya."

Aka ɗauki guɗa. Jannatu ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Da aka watse, Ya Bintu ta ɗaga labulen ɗaki, takalmin a hannunta, fuska ba annuri.

"Ke, zo nan. Miƙo ƙafa."

Humaira ta miƙa. Takalmi ya zauna daidai.

"Har awon ƙafa ya yi, munafuki." Ta juyo ga Munira. "Ya ɗaure ni a gaban mutane, kuma ban yafe masa ba tukuna. Amma abin da na faɗa, na faɗa. Ki riƙa turo min ita ran Juma'a, wannan kitson naki bai kama ba."

"To, Ya Bintu."

Kitson kuwa lafiyarsa lau, amma Munira ba ta musa ba.

Washegari da hantsi Mikail ya yi sallama a zaure. Ya tarar da ita da allura a hannu.

"Ban ga an dawo da kaya ba, rabin raina."

"Rigar ta yi mata tsawo."

"To... a mayar?"

"Kalmasa nake. Matsa, ka tare min haske."

Ya matsa. Sati uku bayan nan aka ɗaura aure, motar amarya ta tashi da mutum biyu a baya, ƙaramar tana riƙe da kaskon turare a cinya.