Birkin da Babu Wanda Ya Taka

Hajiya Tasalla ta zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, ta laluba hagu, ta laluba dama, sai ta ɗora hannu a ka ta rafka salati. Jakar da ta ajiye, mai ɗauke da warwaron zinare goma sha biyu da za ta kai wa masu saye a kasuwar Shinkafi, ba ta nan. Ranar Laraba ce bayan azahar, a garejin Malam Tsoho bakanike, bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda.

Kafin Sufeto Nuhu ya iso, jama'a har sun gama yanke wa Tsoho hukunci, don 'yan kallo ba sa jiran alƙali. Shekara guda ke nan da kafa shari'a a Zamfara, kuma kowa ya san abin da ake yi wa hannun ɓarawo. Tsoho yana zaune kan wata tsohuwar taya, hannunsa na dama kawai yake kallo. Shekara talatin yana ci da iyalinsa da wannan hannun.

Sufeto ya zagaya motar. Fijo ce a-kori-kura, tana jan ƙaramar tirela cike da buhunan wake. Ya duba makullan ƙofa, babu ko ƙwarzane. Ya leƙa ciki, kujera tsaf, shimfiɗar ƙafa tsaf. Ya fara da mai kaya.

"Hajiya, yaya aka yi?"

"Yallaɓai, tun Zurmi birki ka laushi. Da munka iso nan, Malam Tsoho yac ce iska ce ta shiga, a buɗe mashi bonet mu tahi mu ci abinci. Jatau, direbana, yad duƙa yaj ja ƙarhen bonet, yah hau tirela yag gyara tamfol. Ni da hannuna nik kulle ƙohwa, nit tahi da makulli gidan ƙanwata."

"Da kika dawo fa?"

"Ƙohwa a kulle. Jatau yat taka birki, yaj ji shi da tauri kamar dutsi. Ni ko nil laluba, babu jaka."

Sufeto ya kira Jatau. Dogo ne, mai saurin baki, watansa huɗu a hannun Hajiya, kuma yau ya fara taka garejin.

"Yallaɓai, ai magana a hili take," in ji shi. "Shekara goma ina tuƙi. Cire iska daga birki aikin mutum biyu na: guda ciki shina taka birki, guda ƙasa shina kwance noti. To mota a kulle, birki ya gyaru. Wa as shiga? Bakanike dai ba ya rasa makullin sata."

Jama'a suka ɗauka, "Ƙwarai kuwa!" Ko Sufeto sai da maganar ta zauna masa, don shi ma ya sha taka wa bakanike birki har cinyarsa ta yi tsami.

"Hasashe kake yi, ko gani ka yi?"

Jatau ya ɗan dubi taron, ya ga suna tare da shi. "Da idona nig gane shi, daga rumfar mai tuwo. Shina zaune ciki, shina ta taka birki."

"Wa ke ƙasa yana kwance notin?"

Jatau ya ce, "Sule mai faci."

Sule, wanda rumfarsa ke jikin garejin, ya zabura kamar an ɗana masa garwashi. Ya rantse tun hantsi ya ɗauki taya a babur ya kai wa wata babbar mota roka da ta yi faci a hanyar Kurya Madaro, bai dawo ba sai da ya tarar da taro. Sufeto ya aika kurtu, aka zo da ɗan acaɓan da ya kai shi ya kuma dawo da shi. Maganarsu ta zo ɗaya. Sule ya fita daga zargi.

Sai Sufeto ya tsuguna gaban Tsoho. "Baba, kai kaɗai ka yi aikin nan?"

"Ni ɗai, Yallaɓai. Na hwaɗi, ba wanda as saurare ni."

"Ni ina saurare. Akwai abin da ya rage?"

"Ƙahwar tirela ta hagu. Ita nika shirin kamawa anka yo kaina."

Sufeto ya karɓi makulli daga Hajiya, ya kulle motar a gaban kowa, ya jefa a aljihu. "Bismilla, ƙarasa mu gani."

Tsoho ya ɗauko wani ɗan famfo na hannu mai kama da almakashin aski, da kwalba a jikinsa da siririn tiyo. Ya ce a Maraɗi ya saye shi, bayan rasuwar ƙanensa da suke aiki tare, don bai iya jure ganin wani a mazauninsa ba. Ya cika tukunyar man birki da ke wuyan tirelar, ya kwanta a ƙasa, ya soka tiyon a kan ɗan notin fitar da iska. Ya matsa famfon sau goma sha, sannan ya sassauta notin kaɗan da sifana. Nan take baƙin mai ya biyo tiyo, kumfa na bin kumfa, yana zuba a kwalba. Ya ɗaure, ya tashi ya ƙara mai a tukunya don kada ta ƙafe ta shaƙi sabuwar iska, ya koma ya sake. A karo na uku mai ya fito garau, babu kumfa ko ɗaya.

"Haka niy yi wa ƙahwahun mota huɗu," in ji shi, "daga ta nesa zuwa ta kusa. Zuƙowa shikai daga ƙasa. Mi za ni nema ciki?"

Masu "ƙwarai kuwa" na ɗazu kowa ya shiga gyaran hula.

Sufeto ya juya ga Jatau.

"Ka ga mutum yana taka birkin da babu wanda ya taka. Ka ga Sule a ƙarƙashin mota alhali yana hanyar Kurya. Dubi hannun Baba, dubi silifas ɗinsa, duk mai ne. Da ya shiga, da kujera ta nuna. Tunda ba a buɗe motar nan ba bayan an kulle, kafin a kulle aka ɗauki jakar. Wa ya duƙa a gefen kujera yana jan ƙarfen bonet? Kai. Ina ka nufa daga nan? Kan tirela. Da ka dawo ka ji birki ya yi tauri, kai kanka ka ɗauka ya shiga, sai ka ga ka samu wanda za ka rataya wa. Kurtu, yaye tamfol ɗin nan."

Ba a sauke buhu uku ba aka ga jakar, a cuse tsakanin buhu da bangon tirela. Jatau ya zube a ƙasa yana tuba.

Hajiya Tasalla ba ta ko buɗe jakar ba. Ta nufi Tsoho, ta durƙusa, wannan mace da ko dillalan Shinkafi ke shakkar bakinta, tana hawaye. "Malam, na zalunce ka. Ka gyara mani birkin da za ya tsare raina, ni ko ina neman hannunka. Ka yahe mani. Duk abin da kaka so, hwaɗi."

"Na yahe, Hajiya. Abu guda nika roƙo. Kayanki sun dawo, magana ba ta kai gaban alƙali ba. Ki sallami yaron ga, shi tahi da hannunai."

"Wanda yas so a yanke naka?"

"Awa ukku ina kallon nawa. Ban so wani shi yi irin wanga kallo."

Hajiya ta ce ta janye ƙara. Sufeto ya ce duk da haka Jatau zai bi shi ofis ya amsa tambaya kan shaidar zur, kuma ba a samu mai musu ba.

Da taro ya watse, Tsoho ya tsaya gaban Sufeto. "Yallaɓai, ban da abin da za ni saka maka. Allah shi tsare ka yadda kat tsare ni, Shi jiƙan mahaihwa."

"Amin, Baba. Famfonka ne ya yi shaida, ni tsugunawa kawai na yi."

Sufeto ya miƙa masa hannu. Tsoho ya dubi tafinsa, baƙi ƙirin da mai, sai ya dunƙule shi ya miƙa wuyan hannu, yadda masu aikin datti ke yi. Sufeto ya girgiza kai. Ya buɗe yatsun nan da kansa, ya damƙe tafin gam da hannu biyu, bai saki ba sai da man ya ɓata masa hannun kaki.