Firijin Maame Konadu

Ƙarfe tara na safe Maame Konadu, mai sayar da zoɓo a unguwar Bantama, ta shigo caji ofis da takalmi wari da wari.

"Sufeto, an sace mini firiji."

Sufeto Amoako ya ture kwanon dokununsa, tuwon masara mai tsami, gefe. "Sabo ne, Maame?"

"Ya girmi ɗana na fari. Gwamnati ta ce a kai tsoho mai aiki, a rage wa mutum kuɗin sabo marar cin wuta. Yau ƙarfe huɗu za a rufe karɓa. In ya wuce ni, sabon firiji sai dai na gani a shagon wani."

A shagon nata Sufeto ya duba kwaɗo. Lafiyarsa ƙalau.

"Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai. Na marigayi maigidana ya ɓace tun ranar jana'iza."

"Shi firijin, yaya halinsa?"

"Tsoho ne mai rigima. In aka zare shi ya huce, ba ya sake tashi."

Sufeto ya gangara wurin Atinga ɗan gwangwan.

"Ban taɓa ganinsa ba, Yallaɓai."

"Sau uku ka taya, in ji mai shi."

Atinga ya sosa ƙeya. "To, sau huɗu ne. Amma ni matacce nake saye. Barona ma bai kwana nan ba, Bonsu mai aski ya ara."

Bonsu ɗan ƙanwar marigayin ne. Sufeto ya same shi a rumfarsa yana wasa reza.

"Baro? Ruwa na ɗebo, Yallaɓai."

"Ga famfo a ƙofarka?"

"Ruwan can ya fi daɗi."

Sufeto ya tsaya gaban mitar katin da ke bango. Jar fitilarta sai ƙiftawa take ba ji ba gani.

"Me ka kunna, Bonsu?"

"Ƙwan lantarki ɗaya tal."

"Lallai ƙwan nan naka akwai ci."

Ya yaye labulen ƙurya. Ga firiji an lulluɓe shi da baƙin zanen makoki, yana ta gurnani. Ga makullin marigayi rataye a ƙusa.

Bonsu ya zube a kujerar aski. "Ni na ɗauka. Na kawuna ne, kuma a al'adarmu ta Asante ɗan 'yar'uwa ke gado. Na ga za a kai shi ba a ko tambaye ni ba, na ce gara ni in kai."

"Gado a gaban dangi ake raba shi, ba da aron baro ba," in ji Sufeto.

Maame, wadda ta biyo bayan Sufeto, ta dubi agogo. "Sufeto, kafin ka rufe shi, ara mini shi. Firijin nan da nauyi."

Haka aka bi titin Bantama da shi: Bonsu na tura baro da gudu kada tsohon ya huce, Sufeto na biye da ankwa a hannu. Huɗu saura kwata Maame ta karɓi takardar rangwamenta.

Sannan Bonsu, yana haki, ya miƙo hannayensa da kansa.