Ranar da Rubutun Dogo Ya Ɓace

Akwai wata yarinya, a ajinsu ana kiranta Sarkin Tambaya, don bakinta ba ya hutawa. Wata rana Malama ta koya musu gina shafin intanet.

"Kwamfuta ba ta da wayo," in ji Malama. "Abin da kuka rubuta mata shi take bi. Wannan alamar tana buɗe sakin layi, wannan tana rufe shi. A nan kuma ake zaɓen launin rubutu."

Aka haɗa ta da wani yaro, Dogo. Shafi ɗaya za su yi mai gefe biyu, iyaye su zo su gani. Ita za ta kare wutar rana da iska, shi kuma fetur da gas.

Dogo ya dage sosai, don babansa direban tankar mai ne. Ita kuwa ko karanta nasa ba ta yi ba. Ina ruwanta da hayaƙi?

Da ya fita shan ruwa, sai tambaya ta taso mata. In shafi fari ne, aka mai da rubutu fari, me zai faru? Ta gwada a gefen Dogo. Rubutun ya ɓace ɓat. Abin ya burge ta, ta ce ai ta gama cin muhawara. Ta adana, ta yi gum.

Ranar da iyaye suka zo, baban Dogo ya sunkuya gaban kwamfutar yana gyara tabarau.

"Ina naka, ɗana?"

"Wallahi na rubuta, Baba."

Yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Idon Dogo ya ciko da hawaye. Kunya ta rufe Sarkin Tambaya, ta miƙe tsaye.

"Malama, ni ce. Fari na mai da shi."

"To gyara da hannunki, sannan ki karanta mana."

Ta sauya launin zuwa baƙi. Kalmomin suka dawo, ta karanta: "Ranar da ƙanwata ta suma, motar asibiti mai amfani da fetur ce ta kai ta asibiti."

Can halinta na tambaya ya motsa, ta dubi baban Dogo.

"Baba, to hayaƙin fa?"

Ya yi dariya. "Ni ma tari yake sa ni, 'yata. Fitilar gidana ma ta sola ce."

Ta ba Dogo haƙuri, ya yafe. Malama ta ce, "Ba a cin muhawara da ɓoye maganar wani. A saurare shi tukuna, sannan a amsa."